Daga Tudun Wada Zuwa Shika: Yadda Zariya Ta Fara Yaye Likitoci

A shekarar 1960 da Nijeriya ta samu 'yancin kai, duk faɗin Jihar Arewa babu jami'ar da ke yaye likita. Yaron da ya gama sakandare a Zariya ko Keffi, in zuciyarsa ta kwanta da aikin asibiti, sai dai ya nufi Ibadan ko ya haye teku. Dakta Barau Dikko ɗan Wusasa, likitan farko daga Arewa, a Birmingham ya yi karatu. Ishaya Audu ɗan Ancau ya bi ta Ibadan ya ƙarasa a Landan, Umaru Shehu ɗan Maiduguri kuma ya bi ta Ibadan ya ƙarasa a Liverpool. Waɗanda ake horarwa a gida su ne duba-gari, da malaman ɗakin shan magani na En'e, da nas-nas, da ungozoma. Su ne suka riƙe lafiyar talaka shekara da shekaru, kuma ba a yi musu adalci ba in aka manta da su. Amma tiyata, da gano cutar da ta ɓuya, da koyar da na baya, duk suna hannun baƙi.

Da Sardauna ya buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, ba a fara da sashen likitanci ba. Noma da injiniyanci da shari'a da kimiyya aka sa a gaba, har ma sashen likitan dabbobi ya riga na mutane kafuwa a Samaru. Dalilin a fili yake: makarantar likita ba aji da allo kaɗai take so ba, tana son asibiti mai gadaje da majinyata da ƙwararrun da za su tsaya a kan ɗalibi, kuma duk wannan kuɗi ne mai yawa. Rikicin 1966 ne ya nuna cewa jiran ya isa. Ma'aikatan lafiya da yawa 'yan Kudu, musamman na Gabas, suka koma gida, asibitoci suka wayi gari ba masu aiki. A wannan shekarar ce Ishaya Audu, likitan yara, ya zama shugaban jami'ar, ɗan ƙasa na farko a kujerar, wanda ya gaji Bature Norman Alexander. Mutumin da ya san zafin rashin likita a Arewa ne ya samu kansa a kujerar da zai iya yin wani abu a kai.

A 1967 aka kafa Tsangayar Likitanci, aka kuma kafa Cibiyar Lafiya ta jami'ar. Shekarar ce Gowon ya raba Arewa zuwa jihohi shida, yaƙin basasa kuma ya ɓarke, don haka ba lokacin gina sabon asibiti ba ne. Sai aka ɗauki abin da ke hannu: asibitin gwamnati na Tudun Wadan Zariya, da na Kaduna, da na karkara a Malumfashi, aka miƙa wa jami'a su zama wuraren koyarwa. Ɗalibi ya yi karatun sassan jiki da yadda suke aiki a Samaru, in ya tsallake babbar jarrabawar da ke tace ɗalibai kafin shiga asibiti, sai ya sa farar riga ya rataya abin sauraron ƙirji, ya shiga zirga-zirga tsakanin Zariya da Kaduna. A farkon shekarun 1970 rukunin farko suka fita.

A ganina wannan rashin gini shi ne ya zame wa makarantar alheri. Asibitin Tudun Wada na talakawa ne, ƙofarsa a buɗe ga duk wanda aka kwaso daga ƙauye a bayan akori-kura ko a kan jaki. Malaman da suka zo daga Ingila da Indiya da Kudancin Nijeriya sun tarar da cututtukan da littattafansu suka ba layi biyu ko uku, ga su kwance a kan gado har da ƙasa. Nagartattun cikinsu ba su kau da kai ba. Suka zauna suka yi nazarin abin da ke gabansu, suka ja ɗalibai da ƙananan likitoci cikin aikin.

Eldryd Parry, wanda ya zo a 1969 ya shugabanci sashen cututtukan manya, ya lura da yawan matan da ake kawowa makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama, ba sa iya kwanciya sai a jingine. Zuciya ce ta gaza. Shi da Neil Davidson suka bi mata sama da 200, suka wallafa sakamakon a 1978. Ba su tsaya a gwajin jini da hoton ƙirji ba, sai da suka tambayi yadda mai jego ke kwana arba'in ɗinta: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa mai yawa. Suka yi zargin cewa gishirin kanwa da zafi suna ɗora wa zuciya nauyin da ya fi ƙarfinta. Shekaru da dama bayan haka, likitocin zuciya 'yan Arewa, irin su Farfesa Kamilu Karaye na Kano, suka sake duba lamarin da na'urorin zamani, suka nuna cewa al'adar jego ba ita kaɗai ba ce, akwai rashin abinci mai gina jiki da hawan jini lokacin ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Wannan shi ne amfanin makaranta: na baya ya samu ilimin da zai gyara maganar na gaba. Daga Zariya ne kuma Parry ya shirya littafinsa kan ka'idojin aikin likita a Afirka, wanda ya fito a 1976, ɗalibai a ƙasashe da dama suka yi ta karatu da shi.

Sanƙarau kuwa ba sai an gaya wa Bahaushe ba. Da zarar hunturu ya ja baya zafin bazara ya kankama, sai a fara kawo yara wuyansu a sandare. Brian Greenwood ya zo Zariya a 1970 ya yi shekara goma, tare da Hilton Whittle da wasu, suna fama da wannan cuta. Sun inganta hanyar gano nau'in ƙwayar cutar cikin sauri daga ruwan da ake zuƙa a gadon baya, sun gwada rigakafi, sun kuma nemi amsar tambayar da ta fi damun ma'aikacin lafiya lokacin annoba: in majinyata sun kai ɗari, ma'aikata kuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba, wa zai iya yin allura sau huɗu a rana? A 1979 aka wallafa gwajin da aka yi a Zariya na allura guda ɗaya tak ta maganin kuloramfenikol mai mai, wanda ke daɗewa a jiki. Sunan farko a kan takardar na wani matashin likita ne, Sadiq Wali. Wannan allura ta zama makamin yaƙi da annobar sanƙarau a ƙasashen Sahel tsawon shekaru. Idris Mohammed, wanda shi ma ya goge a Zariya, ya ci gaba da aikin rigakafi, kuma shi aka ɗora wa jagorancin yaƙi da babbar annobar 1996.

David Warrell ya ɗauki saran maciji, musamman kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa har manomi ya yi ta zubar jini ta dasashi da fitsari. Daga aikinsu a Arewa aka samu gwajin da har yau ake amfani da shi a duniya: a ɗebi jinin wanda aka sara kaɗan, a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20, sannan a karkata ta. In jinin ya kwarara bai daskare ba, dafi ya shiga, a ba da maganin dafi. Ba ya buƙatar lantarki, ba ya buƙatar na'ura. Malamin asibiti a Kaltungo zai yi shi kamar yadda farfesa zai yi.

Aikin da ya fi taɓa ni shi ne na Kelsey Harrison, likitan mata ɗan Abonnema ta Jihar Ribas, wanda ya zo a 1972. Daga 1976 zuwa 1979 shi da abokan aikinsa suka rubuta bayanin kowace haihuwa da aka yi a asibitin, ɗaya bayan ɗaya, har 22,774. Da rahoton ya fito a 1985, ya nuna cewa mafi yawan matan da ke mutuwa su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai naƙuda ta yi kwanaki ta gagara a kawo su a galabaice. Yarinya ƙarama da ƙugunta bai gama girma ba, da uwar da ta haihu sau da yawa, su suka fi shiga haɗari. Macen da ta yi makaranta kuwa, ko ba mai zurfi ba, ta fi zuwa awo kuma ta fi tsira. Harrison ya fito fili ya ce maganin mutuwar mata wurin haihuwa ba a ɗakin tiyata kaɗai yake ba, yana cikin ilimin 'ya mace. An yi wannan magana da alƙaluman matan Zazzau shekara arba'in da suka wuce, kuma har yau ba mu gama aiki da ita ba.

Malumfashi ita ce ɗaya ƙafar makarantar. Umaru Shehu, wanda ya jagoranci sashen lafiyar al'umma kuma ya riƙe Cibiyar Lafiya, ya tsaya kan cewa ba a cika likita ba sai ɗalibi ya zauna a karkara ya ga rijiyar da ake sha da kududdufin da yara ke wanka. A can aka yi dogon bincike kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro tare da masana daga Liverpool. Ɗalibin da ya ga yara suna fitsarin jini, iyaye kuma na ɗaukar abin a matsayin alamar girma, ya koyi abin da ba a koyo a aji.

Sauran tarihin na hukuma ne, kuma gajere. Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar a 1975. Dokar soja ta 1985 ta ba asibitin koyarwa hukumar gudanarwarsa daban da ta jami'a. Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da takwarorinta na Afirka ta Yamma, suka sa likita zai iya zama ƙwararre a Zariya ba tare da ya je Ingila ba: ya gama shekarar sanin makamar aiki, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya yi shekaru yana kwana a asibiti ƙarƙashin manya, yana hawa jarrabawa mataki-mataki. Da aka buɗe makarantun likita a Jos da Maiduguri da Sakkwato da Kano, Zariya ce ta ba su malamai da yawa. Parry kansa ya tafi Ilori a 1977 ya kafa tasu. Sadiq Wali ya jagoranci Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988.

Ginin dindindin a Shika, kan hanyar Funtuwa, ya daɗe yana jiran a gama shi. Tattalin arzikin ƙasa ya karye a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi bayan 1986, ƙwararru da yawa suka tafi Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa neman abin rufin asiri. Ba na ganin laifinsu, amma kowane ƙwararre da ya tafi ya tafi ne da zagayen majinyata na safe da ɗalibai goma za su koya a bayansa. Sai a 2005, zamanin Obasanjo, aka tare a Shika. Asibitin Kaduna ya koma hannun gwamnatin jiha. Na Malumfashi ya koma hannun Jihar Katsina.

Shika ta kawo abin da Tudun Wada ba ta da shi: ɗakunan tiyata masu yawa, wankin ƙoda, gashin ciwon daji wanda ake zuwa nema daga jihohi masu nisa. Haɗe komai wuri guda ya kuma sauƙaƙa wa ɗalibi, ya huta da hanyar Kaduna. Abin da nake tsoro shi ne tafiyar matasan likitoci, wadda yanzu ta fi ta shekarun 1980 yawa, kuma ba ƙwararru kaɗai ke tafiya ba, har waɗanda ba su daɗe da gama bautar ƙasa ba, da nas-nas, suna rubuta jarrabawar Ingila tun kafin su fara neman ƙwarewa a gida. Ana ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka don cike giɓin, alhali masu tsayawa a kansu a bakin gado suna raguwa. Ƙwararre guda kuwa, daga ranar da ya shiga Samaru zuwa ranar da za a damƙa masa sashe, yana cin shekara goma sha biyar ko kusa da haka.