LDIF da Ma'ajiyar Kundin Sunaye

LDIF tsarin rubutu ne da ake loda bayanai da shi cikin sabar kundin sunaye mai bin ƙa'idar LDAP, wadda aka fara fitarwa a 1993. An tsayar da dokokin LDIF a 2000 cikin RFC 2849.

Sabar da ake dasawa cikin wata manhaja, kamar ApacheDS ta Java, na iya ajiye bayananta a ƙwaƙwalwar wucin gadi ko a faifai. Hanya ta farko gwaji kawai ta dace da shi, domin da zarar wuta ta ɗauke komai ya goge. Wajen loda LDIF, dole tushen reshe ya riga rassansa shiga, in ba haka ba sabar ta ƙi karɓa.