Jarrabawar JAMB: Yadda Ɗalibi Zai Shirya wa Tambayoyin Kemistiri

Kemistiri, wato ilimin sinadarai, yana cikin darussan da duk mai neman karatun likitanci, haɗa magunguna, aikin jinya ko injiniyanci zai rubuta a jarrabawar shiga manyan makarantu ta UTME. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 kuma hedikwatarta ke Bwari a Babban Birnin Tarayya, ita ce ke shirya jarrabawar. Tun daga 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Saboda haka ɗalibin da ke Kado a Abuja da takwaransa na Sakkwato ko Maiduguri manhaja ɗaya ce a gabansu, lokacin da aka ba su ma ɗaya ne.

Tsarin jarrabawar da rabon lokaci

Tambayoyi 180 ake amsawa cikin sa'o'i 2: Turanci 60, sauran darussa uku kuma 40 kowanne. Kowane darasi yana da maki 100, jimilla 400. Idan aka raba lokacin daidai, kowace tambaya daƙiƙa 40 za ta samu, tambayoyin Kemistiri baki ɗaya kuwa ba su kai minti 27 ba. A nan ne ɗalibai da dama ke tuntuɓe: sun san darasin, amma lissafi ɗaya ya cinye musu minti uku.

Abin da manhajar ta ƙunsa

Manhajar Kemistiri ta JAMB tana da babi 18, daga hanyoyin raba gauraye har zuwa sinadarai a masana'antu. Za a iya kasa tambayoyin gida biyu. Akwai na tuni, kamar tsarin ƙwayar zarra, launin da asid ke bayarwa a takardar gwaji, gurɓatar muhalli, da sunayen sinadaran kabon. Akwai kuma na lissafi, kamar ƙidayar mol, dokokin iskar gas na Boyle da Charles, narkewar gishiri a ruwa, da raba sinadari da wutar lantarki. Na farko sukan ɗauki daƙiƙa 15 zuwa 20 ga wanda ya yi karatu, rarar kuwa ita za ta biya bukatar na biyu.

Alƙaluman da ya kamata a haddace

Ba a shiga ɗakin jarrabawa da kalkuleta, waya ko agogo. Akwai ƙaramar kalkuleta a fuskar kwamfutar, sai dai buɗe ta da danna ta ma cin lokaci ne. Ya kamata ɗalibi ya riƙe waɗannan a ka: mol ɗaya na iskar gas yana cika dm³ 22.4 a daidaitaccen zafi da matsi. Lambar Avogadro 6.02 × 10²³ ce. Faraday ɗaya kulom 96,500 ne. Sannan ana ƙara 273 a kan ma'aunin Salsiyos kafin a shiga lissafin gas, wato 27 ta zama 300.

Ga misali: an ƙona giram 10 na CaCO₃, nawa ne yawan CO₂ da zai fita? Nauyin mol ɗaya na CaCO₃ giram 100 ne, don haka giram 10 kashi ɗaya cikin goma ne na mol, amsar kuwa dm³ 2.24. Wanda ya saba zai gama wannan ba tare da ya taɓa kalkuleta ba.

Koyo daga abin da aka sani

Babin ƙarafa da na masana'antu sun fi zama a ƙwaƙwalwa idan aka danganta su da gida. Kuzar Filato, tama ta Itakpe, dutsen siminti na Obajana da Kalambaina, da matatar ɗanyen mai ta Kaduna duk misalai ne na abin da manhajar ke tambaya. Kanwar da ake sa wa wake ma sinadarin alkali ce. Littafin New School Chemistry na Osei Yaw Ababio yana cikin waɗanda hukumar ta amince a karanta.

Atisaye da ranar jarrabawa

Tsoffin tambayoyi ba sa amfani sosai sai an amsa su da agogo a gefe: guda 40 cikin minti 25, sannan a koma a gano dalilin kowane kuskure. Jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta ainihi tana sabar wa ɗalibi da madannai: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, R na fasa miƙawa.

A ranar, a fara da tambayoyin tuni, a tsallake duk lissafin da ya turje, a dawo masa daga baya. Ba a rage maki saboda amsar kuskure, don haka kada a bar gurbi ko ɗaya babu zaɓi. Wanda cibiyarsa ke nesa da gida, kamar mazaunin Kado da aka tura Bwari ko Gwagwalada, ya je ya ga wurin tun ana gobe, domin sai an tantance hoton yatsa kafin a shiga ɗaki.