Tarihin ƴar ƙaramar huda da yaron da ke ƙanƙance ido a aji

Duk malamin da ya daɗe yana koyarwa ya san wannan yaron. Yana zaune a bencin baya, in an ce a kwafi abin da ke kan allo sai ya ƙanƙance idanu, ko ya riƙa leƙa littafin na kusa da shi. Sau da yawa rago muke ce masa. Alhali yaron, ba da saninsa ba, yana amfani ne da wata dabarar haske da masana suka shafe fiye da shekaru 2000 suna nazari a kanta.

Tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS), littafin Mozi na ƙasar Sin ya bayyana cewa in haske ya bi ta ƙaramar huda ya shiga wuri mai duhu, hoton abin da ke waje yakan fito a bango, kai a ƙasa. Amma wanda ya gwada abin dalla-dalla shi ne Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir ya faɗi yadda ya jera fitilu a gaban huda guda, kowace ta jefa nata ɗigon haske a cikin duhu. In ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. Da irin wannan gwaji ya nuna cewa haske a miƙe yake tafiya. Ya kuma kafa hujja cewa daga abubuwa haske ke shigowa ido, ba ido ke fitar da shi ba kamar yadda wasu masanan Girka suka ɗauka.

An ƙirƙiro tabarau na gilashi a Italiya a ƙarshen ƙarni na 13, amma ba a daina aiki da huda ba. A 1619 wani Bajamushe, Kiristof Shaina, ya yi huda biyu dab da juna a kati ya dubi ƙaramin abu ta cikinsu. Ya ga in idon bai saitu a kan abin ba, biyu yake ganinsa. Wannan ya zama tushen wata hanyar auna saitin ido.

Sirrin ba wuya gare shi ba. A idon da ba ya gani daga nesa, hasken yakan haɗu tun kafin ya isa tantanin bayan ido, ya sake bazuwa, sai kowane harafi ya zama dishi-dishi. Huda mai faɗin kamar milimita 1 tana tare hasken gefe ta bar siririn na tsakiya, bazuwar ta ragu, rubutu ya fito. Abin da yaro ke yi ke nan da fatar idonsa in ya ƙanƙance.

A nan ƴan kasuwa suka shigo. A ƙarni na 20 aka riƙa sayar da baƙin tabarau mai huda barkatai, ana cewa yana warkar da ido, har hukumomin Amurka suka hana wasu kamfanoni wannan iƙirari a shekarun 1990. Tabarau ɗin ba ya gyara komai. Yana rage haske, yana toshe ganin gefe, da an cire shi kuma ido ya koma yadda yake. Hawa babur da shi ganganci ne.

Amfanin huda na gaskiya gwaji ne, kuma har yau likitocin ido da ita suke aiki. In majinyaci ya duba ta huda ganinsa ya ƙaru, galibi tabarau na gilashi zai wadatar da shi. In bai ƙaru ba, sai a nemi wata cuta a cikin idon.

Malamai da iyaye, mu ma za mu iya wannan. A huda kwali da allura mai kauri, yaro ya rufe ido ɗaya ya karanta allo ta hudar daga bencinsa. In ya ce yanzu yana gani, a maido shi gaba tun yau, a kai shi a auna masa ido. In ya ce har yanzu dishi-dishi ne, to zuwa wajen likita ya ma fi gaggawa. Kafin mu ɗaga bulala, mu fara tambayarsa ko yana ganin allon.