Keso: Lambar 20,000 a Zamanin Kuɗin Wuri

Yau in ka je wajen mai POS a kasuwar Tudun Wada da ke Zariya ka ciri naira 20,000, takardu ashirin zai miƙo maka, ka ƙirga cikin minti guda ka wuce. Kakanninmu kuwa sai sun shimfiɗa tabarma. Kafin zuwan anini da kwabo, wuri ne kuɗi, kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kawo mafi yawansa. Wuri 20,000 da aka ɗure a jakar tabarma shi ake kira keso.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga yadda ake wannan ƙirga a Tasawa a 1851. Ba a zare wurin a igiya, sai a zube shi a ƙasa a riƙa jan biyar-biyar da yatsu, a tara tsibi na 200 ko 1,000. A Kano ya tarar wuri 2,500 ne dala ɗaya ta azurfa. Ka ga keso dala 8 ke nan cif.

To me ya sa lambar ta yi wa 'yan kasuwa daɗi? Mu farfasa ta. In ka yi ta raba 20,000 har ka kai lambobin da ba sa ƙara rabuwa, 2 da 5 kaɗai za ka samu: 2 ka ninka sau biyar ya ba ka 32, 5 ka ninka sau huɗu ya ba ka 625, sannan 32 × 625 = 20,000. Shi ya sa lambobi har 30 ke raba ta ba saura. In ka cire ita kanta ka tara sauran 29 ɗin, za ka sami 29,203, wato sun zarce ta. Masana lissafi na kiran irinta lamba mai yalwa. Tsibin 200 guda ɗari, ko na 1,000 guda ashirin, duk keso ne.

Amma fa tana da rauni: babu 3 a cikinta. A rabon gado, rabi da rubu'i da sumuni na fita daidai, sumunin keso 2,500 ne. Sulusi kuwa 6,666 ne da ragowar wuri 2, sudusi 3,333 da ragowar 2. Wuri ba ya tsaguwa ya ci gaba da zama kuɗi, dole magada su yafe wa juna.

Lokacin da aka kafa Tudun Wada a wajen ganuwa a zamanin Turawa, kuɗin ƙarfe sun fara korar wuri. Raunin dai bai tafi ba. Nairar da ta zo a 1973 kwabo ɗari ce, ɗari kuma 2 da 5 ce zalla. Ku uku ku gwada raba naira 20,000 daidai, ku gani.