Tarihin gano Pneumocystis, ƙwayar da ta ƙi tsirowa a ɗakin gwaji

Pneumocystis ƙwayar cuta ce dangin funfuna, wadda mazauninta huhun mutum ne da na sauran dabbobi masu shayarwa. Gwajin jini ya nuna akasarin yara sun riga sun shaƙe ta kafin su cika shekara huɗu, kuma ba ta yi musu komai. Sai garkuwar jiki ta faɗi take samun sarari. A lokacin ne take cika ƙananan jakunkunan iska na huhu da wani abu mai kama da kumfa, mara lafiya ya riƙa busasshen tari da zazzaɓi, numfashi yana ƙara yi masa wuya mako bayan mako, har oksijin ya kasa shiga jini. Wahalar gano ta daga abu ɗaya ta taso. Hanyar da likitoci suka gada tun zamanin Robert Koch ita ce a ɗauki kaki ko jini a shuka a faranti, a jira ƙwayar ta tsiro a gane ta. Ita wannan ba ta tsirowa. Dole sai an zaƙulo ta daga cikin huhu an gan ta da ido.

Wanda ya fara ganinta bai san abin da ya gani ba. A 1909 likitan Barazil Carlos Chagas yana binciken sabuwar cutar da daga baya aka sa wa sunansa, sai ya tarar da wasu ƙananan ƙunsoshi a huhun ɓerayen masar da ya sa wa cutar, kowane ƙunshi da 'ya'ya takwas a ciki. Ya ɗauka wani mataki ne na rayuwar ƙwayar da yake bi. Shekara guda bayan haka Antonio Carini, a São Paulo, ya ga irinsu a huhun ɓeraye. Wasu mata da miji masu suna Delanoë, a Cibiyar Pasteur ta Paris, su suka warware rikicin a 1912: sun sami ƙunsoshin a ɓerayen birnin waɗanda ba su ɗauke da waccan cuta, suka tabbatar halitta ce mai zaman kanta, suka kira ta Pneumocystis carinii. Daga nan aka ajiye ta a matsayin abin ɓeraye, aka jera ta cikin dangin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, kusan shekara talatin ba mai waiwayarta.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fito da ita fili. A gidajen marayu na tsakiyar Turai, inda aka cunkushe bakwaini da jariran da yunwa ta rame, wani ciwon huhu ya riƙa bin gadaje. Yawanci jariran wata biyu zuwa huɗu yake kamawa. Jariri zai daina shan nono, numfashinsa ya yi sauri, leɓɓansa su yi shuɗi, sau da yawa ma ba zazzaɓi. Masu binciken gawa sun san kamannin huhun sarai, har sun ba ciwon suna, amma ba su san sanadinsa ba. Wasu likitocin Holan biyu, van der Meer da Brug, sun ba da rahoton ganin ƙwayar a huhun mutum tun 1942, sai dai ana tsakiyar yaƙi, rahoton bai yi nisa ba. A farkon shekarun 1950 ne Josef Vaněk da Otto Jírovec, a Cekoslobakiya, suka nuna cewa kumfar da ke huhun jariran cike take da Pneumocystis. An ci gaba da samun irin wannan ɓarkewa a wasu wurare, ciki har da wani gidan marayu a Shiraz ta Iran a shekarun 1960.

A wannan zamani, akasari sai bayan mutuwa ake tabbatar da ciwon. Abin da ya sauƙaƙa ganinta rini ne. George Gömöri, ɗan asalin Hungari da ke aiki a Chicago, ya ƙirƙiro rinin azurfa a 1946, Robert Grocott kuma ya gyara shi a 1955 don dangin funfuna. Azurfar na kama bangon ƙunshin ta mai da shi baƙi, sauran nama ya fito kore. Faɗin ƙunshi bai wuce maikiromita biyar zuwa takwas ba, kwatankwacin jar ƙwayar jini, kuma da yawa a loɓe suke fitowa kamar ƙoƙon da aka taka. Rinin Giemsa, wanda kowane ɗakin gwajin maleriya ya sani, ba ya kama bangon, amma yana nuna 'ya'yan da ke ciki da waɗanda ke yawo a waje. Ya fi araha, ya fi sauri, sai dai yana buƙatar idon da ya goge.

Magani ya zo ta wata hanya ta daban. Pentamidine allura ce da Turawan mulkin mallaka na Faransa da Beljiyam suka yi wa ɗimbin jama'a a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya don ciwon barci da tsando ke yaɗawa. Tun da an ɗauka Pneumocystis 'yar'uwar ƙwayar ciwon barcin ce, Ivády da Páldy suka gwada ta a kan jarirai a Hungari a 1958. Mace-macen da ke kusan rabin waɗanda suka kamu ya sauko zuwa kaɗan cikin ɗari. Dalilin gwajin kuskure ne, amma maganin ya yi aiki.

Da Turai ta farfaɗo, ciwon ya bar gidajen marayu ya koma manyan asibitoci. Sababbin waɗanda yake kamawa su ne yara masu sankarar jini da ake ba magunguna masu ƙarfi, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da masu shan sitiroyid na dogon lokaci, da waɗanda aka haifa da naƙasasshiyar garkuwa. A nan matsalar ganowa ta ƙara tsanani. Hoton ƙirji yana nuna hazo a huhu biyu, amma tarin fuka da bairos da bakteriya da ma illar maganin kansa duk suna iya ba da irin wannan hoto. Gwajin jini na neman alamar haɗuwa da ƙwayar ba shi da amfani, tun da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ita. Tarin kuma busasshe ne, babu kakin da za a duba. Abin da ya rage shi ne a buɗe ƙirjin mutumin da numfashi ke gagara a yanko ɗan huhu, ko a soka allura ta tsakanin haƙarƙari, tare da haɗarin zubar jini da sacewar huhu. Likitoci da yawa sun yi ta jinkiri har lokaci ya ƙure, kuma da wuya a ga laifinsu.

Ba Pneumocystis kaɗai ke yi wa masu raunin garkuwa wannan ɓad-da-kama ba. Nocardia, bakteriyar ƙasa da Edmond Nocard ya gano a shanun tsibirin Guadeloupe a 1888, tana tsirowa a faranti amma a hankali, har akan zubar da farantin kafin ta fito. Tana kuma ɗan riƙe rinin da ake neman tarin fuka da shi, don haka akan sa mai ita a maganin tibi na watanni. Legionella kuwa sai a Janairun 1977 Joseph McDade ya kama ta, wata shida bayan ɓarkewar da ta yi a wani otal na Philadelphia, domin ba ta tsirowa a farantan da aka saba. Bambancin shi ne waɗannan biyun an san yadda ake rainonsu.

A Amurka, daga 1967, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC da ke Atlanta ita kaɗai ke ba da pentamidine, saboda haka duk likitan da ke so sai ya cika takarda. Wannan ya sa ta zama tamkar rajistar ciwon. Daga takardun ne aka ƙirga mutum 194 da aka tabbatar sun kamu tsakanin 1967 da 1970, a ƙasa mai mutum miliyan 200. A Memphis kuwa, Walter Hughes na asibitin yara na St. Jude ya nuna co-trimoxazole, wanda aka fi sani da Septrin, yana warkar da ciwon yana kuma hana shi. A gwajin da ya buga a 1977, yara 17 cikin 80 da ba a ba maganin ba sun kamu, babu ko ɗaya cikin 80 da suka sha.

Ƙarancin ciwon ne ya sa aka lura da abin da ya biyo baya. A farkon 1981 Sandra Ford, ma'aikaciyar da ke karɓar takardun neman pentamidine, ta ga buƙatu na zuwa daga New York don samari da ba su da cutar kansa ba su da dashe, wasu ma a karo na biyu, ta rubuta wa shugabanninta. Ranar 5 ga Yunin 1981 mujallar mako-mako ta CDC ta buga rahoton Michael Gottlieb da abokan aikinsa kan maza biyar a Los Angeles, masu shekara 29 zuwa 36, dukkansu suna da wannan ciwo, biyu sun riga sun rasu. Wannan shi ne rahoton farko na ƙanjamau. Cikin 'yan shekaru ciwon da ake ƙirgawa da ɗaruruwa ya koma dubbai, ya zama alamar da aka fi gane ƙanjamau da ita a Amurka da Turai.

Ba zai yiwu a yi wa dubban mutane tiyatar ƙirji ba, sai aka nemi wata hanya. Shigeto Ikeda na Japan ya riga ya ƙera bututun leƙa huhu mai lanƙwasa tun 1966. Da shi ake zura ruwan gishiri cikin wani reshe na huhu a zuƙo shi a rina. Masu ƙanjamau suna ɗauke da ƙwayar da yawan gaske, don haka wankin huhu yana kama fiye da 90 cikin 100. A 1986 aka ƙara sauƙaƙawa: mara lafiya ya shaƙi tururin ruwan gishiri mai kauri har ya tilasta masa fitar da kaki daga can ciki. Sai kuma rini mai ƙyalli da ke manne wa ƙwayar kaɗai. Ga masu kansa da masu dashe labarin ya sha bamban, domin ƙwayar a jikinsu kaɗan ce, ciwon kuma ya fi saurin kisa, rini yakan tsallake ta.

A 1988 Jeffrey Edman da abokan aikinsa suka karanta wani sashe na ƙwayoyin gadonta, suka tarar dangin funfuna ce ta kusa da yis. Kusan shekara 80 ke nan tana zaune a gidan da ba nata ba. Akwai uzuri: ba ta da ergosterol, sinadarin da magungunan funfuna irin su amphotericin ke hara, don haka ba sa taɓa ta. An kuma tabbatar kowace dabba da irin tata, ta ɓera ba ta kama mutum, abin da Jacob Frenkel ya faɗa tun 1976. Ta mutum aka sa mata sunan Jírovec. Ann Wakefield a Oxford ta kawo gwajin PCR a 1990, wanda ke gano burbushin ƙwayoyin gadonta ko da a ruwan kurkurar baki. Kaifinsa ya haifar da sabuwar matsala, domin yana kama ta har a huhun wanda ke ɗauke da ita kawai ba tare da ciwo ba. Gwajin beta-glucan a jini, da ake haɗawa daga jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa, ya fi amfani wajen kore zato: in ya fito babu, da wuya ciwon ne, in ya fito akwai, yana iya zama wata funfunar daban.

An daɗe ana cewa ciwon ba shi da yawa a Afirka. A manya akwai ƙamshin gaskiya, domin binciken gawarwaki a Abijan a farkon shekarun 1990 ya nuna tarin fuka da bakteriya ne suka fi kashe masu ƙanjamau, sau da yawa tun kafin ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 su yi ƙasa da 200, matakin da Pneumocystis ta fi kai hari. Amma asibitin da ba shi da bututun leƙa huhu ko rinin azurfa ba zai taɓa ba da rahotonta ba, kuma an ɗauki rashin rahoto a matsayin rashin ciwo. Binciken gawarwakin yara a Abijan, da wanda Chifumbe Chintu ya jagoranta a Lusaka aka buga a 2002, sun nuna tana cikin manyan masu kashe jariran da aka haifa da HIV, musamman 'yan ƙasa da wata shida. Gwajin da aka yi a Zambiya aka buga a 2004 ya nuna shan co-trimoxazole kullum ya rage mutuwar yara masu HIV da kashi 43 cikin 100. Shi ya sa a asibitocin Najeriya da Nijar ake sa jaririn uwa mai HIV a kan Septrin tun yana mako shida, kafin a tabbatar ko ya kamu. Jaririn da ya zo da haki da ƙarancin oksijin kuwa, akasari a kan zato ake yi masa magani.

A 2012 Ousmane Cissé da abokan aikinsa a Lausanne suka harhaɗa jerin ƙwayoyin gadon Pneumocystis ta mutum daga ruwan wankin huhun mara lafiya ɗaya. Sun tarar ta rasa hanyoyin ƙera yawancin amino asid da take buƙata, daga huhun take samunsu, wanda ya bayyana wani ɓangare na dalilin da ya hana ta rayuwa a faranti. Rashin raino na nufin ba a iya gwada ko ta fara bijire wa magani kai tsaye, sai dai a duba sauye-sauye a ƙwayoyin gadonta. A Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 mafi haɗari ga ɗan Adam, karo na farko da ta yi haka, ta sa Pneumocystis a rukuni na uku, ta kuma ambaci ƙarancin kayan gwaji a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi cikin manyan giɓin da ya rage.