Hayaƙin da taruka ke fitarwa: yadda ake auna shi da yadda ake rage shi

Sawun kabon na taro shi ne jimillar iskar da ke ɗumama yanayi wadda ta shiga sararin samaniya saboda an yi wannan taro. Ya haɗa da man da motoci da jiragen mahalarta suka sha, da wutar da aka kunna a zaure da masauki, da abincin da aka dafa, da sharar da aka bari. Ana lissafa shi da kilo ko tan na iskar kabon. Sauran iskoki, kamar metan da ke tashi daga ruɓaɓɓen abinci, ana mayar da su zuwa ma'aunin kabon, domin kilo ɗaya na metan yana ɗumama duniya kusan ninki 28 na kilo ɗaya na kabon a cikin shekara 100.

Dalilin da ya sa batun ya shafi Nijeriya

A taron sauyin yanayi na COP26 da aka yi a Glasgow a watan Nuwamba na 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa zuwa 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa. A cikin watan ne ya sanya hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi, ta kuma ɗora wa ma'aikatun gwamnati da kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye nauyin rage hayaƙinsu. Tarukan bita da na ƙara wa juna sani suna cikin ayyukan da ma'aikatu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suke kashe wa kuɗin mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita da aka tsimi riba ce ga aljihu kafin ma a zo ga batun muhalli.

Abin da manyan taruka suka nuna

A yawancin manyan tarukan da aka auna, tafiye-tafiye ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2020 ya duba taron ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Amurka, AGU, da aka yi a San Francisco a 2019. Mahalarta kimanin 28,000 sun fitar da kusan tan 80,000 ta hanyar zuwa da komawa kawai, wato kusan tan 3 ga kowane mutum, kuma kashi 75 cikin 100 daga dogayen tafiye-tafiyen jirgi ne. Shi kansa taron COP26, ƙiyasin farko na kamfanin Arup ya ba shi tan 102,500, kimanin kashi 60 cikin 100 daga jiragen da suka kawo baƙi daga ƙasashen waje.

Yadda ake aunawa

Tsarin da aka fi bi a duniya shi ne GHG Protocol, wanda aka fara fitarwa a 2001. Ya raba hayaƙi gida uku: wanda mai taro ya ƙona da kansa, kamar man janareta da motocin ofis, wanda ya fito daga wutar lantarkin da ya saya, da wanda wasu suka fitar dominsa, kamar tafiyar mahalarta, kwanan otal da abinci. Akwai kuma ƙa'idar ISO 20121 ta shirya taruka, wadda aka fitar a 2012, shekarar da aka yi gasar Olamfik a Landan.

Lissafin bai buƙatar na'ura ta musamman. Lita ɗaya ta fetur tana fitar da kimanin kilo 2.3 na kabon, lita ɗaya ta man dizal kuma kimanin kilo 2.7. Ga gajeriyar tafiyar jirgin sama, ana ƙiyasta gram 150 zuwa 250 ga kowane fasinja a kowace kilomita. Abin da ya rage shi ne tattara bayanai: a ƙara tambayoyi uku a takardar rajista, wato daga ina mutum ya zo, da wane abin hawa, kuma su nawa ne a ciki, a adana rasiɗan mai, a rubuta awannin da janareta ya yi yana aiki.

Misali daga Sakkwato

A ƙaddara an shirya taron bita na kwana biyu ga mutum 100 a wani zaure da ke titin Sama a birnin Sakkwato. Mutum 10 sun zo ta jirgi daga Abuja zuwa filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, tafiyar kusan kilomita 500, wato 1,000 zuwa da komawa. A kan gram 200 ga kilomita, kowannensu ya fitar da kilo 200, jimilla kilo 2,000. A ce motoci 20 sun zo daga Gusau da makamancin nisanta, kowace ta sha lita 40 zuwa da dawowa: lita 800 ke nan, kilo 1,840. A ce kuma janareta yana shan lita 15 a awa, ya yi awa 8 kullum: lita 240, kilo 648. Kafin a sa kwanan otal da abinci, an kai kusan tan 4 da rabi.

Darasin a fili yake. Mutum 10 cikin 100 sun ɗauki fiye da kashi 40 cikin 100 na wannan jimilla. Janareta kuma, wanda ba ya cikin lissafin yawancin tarukan Turai, a nan babban kaso ne, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, na'urorin sanyaya ɗaki kuma ba sa hutawa.

Hanyoyin ragewa

Mataki na farko shi ne zaɓen wuri. Idan yawancin mahalarta daga Sakkwato, Kebbi da Zamfara suke, kai taron Abuja ko Legas yana ninka tafiya ba gaira ba dalili. Jami'in da zai yi jawabin minti 20 kawai yana iya yin sa ta bidiyo daga ofishinsa.

Na biyu shi ne haɗa mota. Motar da ta sha lita 40 ta fitar da kilo 92. Idan mutum huɗu ne a ciki, kowa ya ɗauki kilo 23. Bas ɗaya daga kowace jiha ta fi jerin gwanon motoci sauƙi. A nan tsarin biyan kuɗin tafiya yana da tasiri, domin muddin ana biyan kowa kuɗin mota shi kaɗai, kowa zai zo da tasa.

Na uku shi ne lokaci da wuta. Taron da aka sa a watannin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, ko aka fara da sassafe, bai buƙatar sanyaya zaure yini guda. Ya dace a zaɓi zauren da girmansa ya yi daidai da yawan jama'a, a kuma fifita wanda ke da farantan sola. Sakkwato na cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a Nijeriya, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana aiki a kan wannan fanni tun shekarun 1980.

Na huɗu shi ne abinci. A dafa gwargwadon waɗanda suka tabbatar da zuwansu, a raba abin da ya rage kafin ya lalace. Naman sa yana fitar da hayaƙi fiye da wake ko kaza nesa ba kusa ba, don haka rage shi a wasu lokutan cin abinci yana sauƙaƙa lissafi. Jakunkuna, riguna da kwafin jawabai da ake bugawa ɗaruruwa ana iya rage su ta hanyar tura takardu ta waya.

Dasa itatuwa a matsayin diyya

Wasu masu shirya taro kan dasa itatuwa domin su shanye abin da aka fitar. Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya ratsa, don haka buƙatar a bayyane take. Sai dai itace yana ɗaukar shekaru kafin ya shanye kabon mai yawa, kuma wanda aka dasa ba tare da ban-ruwa da shinge ba da wuya ya tsallake rani da awaki. Shi ya sa masana ke sanya diyya a ƙarshe, bayan an auna, an kuma rage abin da za a iya ragewa.

Ma'aikata ko ƙungiyar da ta rubuta adadin litocin taron bana, ta raba su da yawan mahalarta, ta samu ma'aunin da za ta gwada taron baɗi da shi, a kilo da kuma a naira.