Rokar da ke tsokano aradu da gangan

Ranar 14 ga Nuwamba, 1969, ana ruwa a Cibiyar Kennedy da ke jihar Florida ta Amurka, kumbon Apollo 12 ya ɗaga zuwa duniyar wata ɗauke da mutum uku. Bai cika daƙiƙa 37 a sama ba aradu ta faɗa masa, ta sake a daƙiƙa ta 52. Fitilun gargaɗi suka kama, bayanan da ke isowa ƙasa suka rikice. Wani matashin injiniya da ke ƙasa, John Aaron, ya faɗi maɓallin da za a murɗa, Alan Bean, ɗaya daga cikin mutum ukun da ke kumbon, ya murɗa shi, aka samu sa'ida.

Abin da bincike ya gano shi ne ya fi ɗaga hankali: kumbon da kansa ya tsokano aradun. Rokar da ta ɗauke shi ta kai mita 110, ga jelar wuta da hayaƙi tana biye da ita, duk suka zame wa lantarkin da ke maƙare cikin gajimare hanyar sauka.

Masana sun riga sun san ana iya yin hakan da gangan. A shekarun 1960 Morris Newman ya janyo aradu daga jirgin ruwa a gaɓar Florida, sannan a 1973 Faransawa suka yi nasu a doron ƙasa, a Saint-Privat-d'Allier. Dabarar ba ta da wani ado. Roka ce 'yar mita ɗaya, a gindinta an ɗaura ƙwaryar siririyar wayar jan ƙarfe, bakin wayar yana ƙasa. Idan hadari ya haɗu, na'ura ta nuna lantarki ya cika, sai a harba. Rokar kan yi sama mita ɗari biyu zuwa uku tana warware wayar, aradu ta biyo ta, wayar ta ƙone ƙurmus, lantarkin ya sauka daidai kan na'urorin awo. Da haka aka daina jiran sa'a kafin a auna ƙarfin aradu. An yi wannan aiki a Kennedy a shekarun 1980, daga 1993 kuma aka ci gaba a sansanin Camp Blanding da ke Florida, inda Martin Uman da Vladimir Rakov na Jami'ar Florida suka daɗe a kai.

Abin takaici, ilimin yana hannu amma aka yi sakaci. Ranar 26 ga Maris, 1987, aka harba rokar Atlas-Centaur cikin ruwa da gajimare, ɗauke da tauraron ɗan'adam na sojan ruwan Amurka. Ba ta cika minti ɗaya ba ta tsokano aradu, kwamfutarta ta rikice, ta karkace ta wargaje. A ganina asara ce da ba ta da uzuri, tunda fiye da shekara 17 ke nan da Apollo 12.

Bayan nan ne aka tsaurara dokokin harbi. Ƙananan rokokin ba sa zuƙe lantarkin hadari don babbar ta wuce lafiya. Aikinsu nuna yanayin da doguwar aba mai gudu ke haifar da aradu. Shi ya sa a yau gajimare mai kauri, ko lantarki mai yawa a iska, ya isa a ɗage harbi ko da ba a ji tsawa ba.